Saura Mutum Ɗaya, Ranka Ya Daɗe Ciyaman

Taubashi, ɗan gidan Gwaggo, bawan da na gada ba da kuɗina ba, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga yaronsa. Yaya iyali, yaya tasha, yaya jikin tsohuwar Golf ɗinka? Ita dai na san amsarta kullum ɗaya ce: da sauƙi.

Ban ji labarin takararka daga bakinka ba, domin ka san abin da zan ce. A jikin rumfar mai shayi na gan ka an manna ka da gam, na sake ganinka a bayan wata adaidaita sahu, na kuma ganinka a jikin darbejiyar bakin tasha an kafe ka da ƙusa. Ka sha babbar riga mai aska, wadda na sani sarai, domin ta Baba ce, Kawunka, ka are ta ranar ɗaurin auren ƙanwarka, har yau tana kan hanyar dawowa. Mai hoto kuwa ya ci kuɗinsa da halali. Ya share tabon da murfin but ya yi maka a goshi, ya cike giɓin nan da kake tsartar da yawu ta cikinsa, ya wanke ka tas, har da aka nuna wa Gwaggo sai ta ce yaron nan ya yi mata kama da wani da ta sani. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Garkuwan Direbobi, Jagoran Gyaran Sufuri, Ciyaman da Yardar Allah.

Wannan gyaran sufuri da ka rubuta ya ruɗa mutanen unguwa. Wasu dattawa sun ɗauka gwamna ne ya kira ka Katsina zai damƙa maka hukumar sufuri ta jiha, KTSTA. Sai da na zaunar da su na yi musu bayani cewa waccan kujerar ba a neman ta da fasta, naɗi ne daga gidan gwamnati, kuma jihar da ke da ƙananan hukumomi 34 ba ta rasa mutane ba har a gangaro kan bawana. Abin da kake nema shi ne shugabancin reshen ƙungiyar direbobi, yuniyan ke nan, wadda aka kafa a ƙasa baki ɗaya a 1978 da sunan NURTW. Masu zaɓenka kuwa 'yan uwanka ne direbobi masu katin ƙungiya. Da dattawan suka ji haka sai hankalinsu ya kwanta, ban da wani mai zuwa Kano duk sati, wanda ya ce ai gara a ba ka jihar a bar masa tashar.

Kada ka ɗauka raina kujerar nake yi. A wasu biranen Amurka irin wannan aiki jama'ar gari ne ke zaɓen masu yinsa. A yankin San Faransisko, hukumar jiragen ƙasa da ake kira BART tana da daraktoci 9, kowannensu ƙuri'ar mutanen mazaɓarsa ce ta kai shi. A Denba ta jihar Kolorado su 15 ne, su ma haka ake zaɓensu. Mai neman kujera a can tilas ya lallaɓa tsohuwar da ke jiran bas, domin gobe ita ce za ta iya sauke shi. Mu a nan, ta sama gwamna ke naɗawa, ta ƙasa direbobi ke zaɓa. Wanda ke biyan kuɗin mota, wanda ake matsewa har ƙafarsa ta mutu tun kafin a kai Kazaure, wanda ake kwasa zuwa asibiti in taya ta fashe, shi ba shi da ƙuri'a a sama, ba shi da ita a ƙasa. Ni fasinja ne, ba ni da katin yuniyan. Amma ni ɗan namiji ne kai ɗan mace, al'ada ta ba ni lasin in faɗa maka abin da 'yan kamashonka ke tsoron faɗa.

An ce ka kira taro, ka hau benci, ka gyara hula, ka ce in aka zaɓe ka jirgin ƙasa zai iso Daura. Aka yi tafi har da guɗa. Haba bawana! Layin dogon Kano zuwa Maraɗi marigayi Shugaba Buhari ne ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba, tsawonsa kilomita 284, kuɗinsa ya kusa dala biliyan 2, kuma tun a takarda an zana zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Ranar da suka zana ba su neme ka ba, ranar da za su gama ma ba za su aiko maka da goron gayyata ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, Daura tana kallo sama da shekara 100. Sarakuna sun yi jira, ministoci sun yi jira, ashe kai ake jira ka ci zaɓen tasha.

Abin da ya fi kashe ni da dariya, direbobin layin Kano su ne suka fi kowa tafi. Ba wanda ya tsaya ya tambaye ka, in jirgin ya zo ya kwashi fasinjan Kano da Katsina a taragu, su wa za su ɗauka? Ka yi wa mutane alkawarin abin da zai raba su da tuwonsu, su kuma suna yi maka jinjina. Da kana da kai, a nan maganar take. Jirgi ba zai shiga Zango ba, ba zai leƙa Baure ba, ba zai kai mai buhun gero ƙofar gidansa a Sandamu ba. Duk wanda ya sauka a tashar jirgi mota zai nema ko adaidaita. Ɗan takarar da ya san abin da yake yi zai fara tunanin inda motocin yuniyan za su tsaya kusa da tashar jirgin, da yadda za a raba gajerun layuka tsakanin masu Golf da masu Sharon da 'yan adaidaita ba tare da an fasa wa wani kai ba. Wannan aikin ciyaman ne. Amma ka bar shi ka tafi kana sayar da jirgin gwamnatin tarayya.

Sai maganar jami'a. An ce ka rantse duk ɗan direba zai shiga Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan Daura ba ko sisi. Jami'ar da aka aza harsashinta a watan Disambar 2019, lokacin Rotimi Amaechi yana ministan sufuri, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, ita ce za ka riƙa rabon gurbinta daga kan bencin mai shayi? Kai da Gwaggo ta gaji da raka ka firamare, tana juya baya kana tsallake katanga kana tafiya tasha wankin mota? Na ji ma wai yaranka suna raɗe-raɗin jami'ar za ta ba ka digirin girmamawa. In har za su bayar, ina ba su shawara su ba ka a fannin da ka ƙware, wato yadda ake saka mutum takwas da akuya biyu da injin markaɗe a motar da Bajamushe ya ƙera domin mutum biyar.

Na uku shi ne mai da iyaka. Ka ce za ka sauko da farashin fetur, kuma ba za a sake rufe iyakar Kongolam ba kana ciyaman. To bari in tuna maka. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, kuma wanda ya rufe ɗin, Buhari, ɗan garin nan ne, bai ɗaga wa Daura ƙafa ba. A cikin wannan tsakanin aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, direbobin Mai'adua suka koma hannun 'yan bumburutu. Bayan juyin mulkin da ya kifar da Shugaba Bazoum na Nijar a Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗewa. Fetur kuma, ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A duk waɗannan ranaku ina kake? Kana ƙarƙashin darbejiya kana fifita da kwali, kana jiran fasinjan Damagaram da ba zai zo ba. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Ciyaman na tasha ba shi da jirgi, ba shi da jami'a, ba shi da matatar mai, amma abin da ke hannunsa ba ƙarami ba ne. A hannunsa littafin layi yake, wanda ke nuna motar da za ta yi lodi yanzu da wadda za ta jira. A hannunsa kuɗin tikiti ke taruwa, wanda kowace mota ke ajiyewa kafin ta fita. Da shi ake zama a yanka kuɗin mota in mai ya tashi. Shi ke raba faɗa tsakanin direba da mai mota in balas bai cika ba, shi ake nema in fasinja ya manta jaka, shi ke zuwa caji ofis belin direba, shi ke tsayawa a kan gawa in an yi hatsari, shi ya kamata ya san ko marayun direba sun ci abinci. Direban da aka tsallake layinsa sau biyu a jere zai koma gida hannu rabbana. Wannan iko ne na gaske a kan cikin mutane, kuma ban ji ka ce uffan a kansa ba.

Kai Badauri ne, ba sai na ba ka labarin Kusugu ba. Rijiya ta gari ce, ruwa na kowa ne, amma maciji ya naɗe a ciki ya ce ba mai ɗiba sai ranar Juma'a. Tasha ma ta gari ce, fasinja na kowa ne, kuma duk wanda ya riƙe littafin layi yana iya mayar da kansa Sarki, ya ce yau motar ƙaninsa ce, gobe ta surukinsa, sauran ku jira Juma'a. Kowane ɗan takara da wuƙar Bayajidda, wanda ya kashe macijin, yake zuwa, yana ihun zai sare kan maciji. In ya ci zaɓe sai ya ajiye wuƙar a bakin rijiya, ya zura ƙafa, ya gangara, ya naɗe a inda wancan ya tashi. Ka kuma tuna yadda labarin ya ƙare. Da gari ya waye mutane da yawa sun ce su suka kashe, sai sarauniya Daurama ta ce to a kawo kan. Mu ma kai muke son gani. Kan macijin tasha shi ne littafin kuɗi, a buɗe shi a gaban direbobi, a karanta abin da ya shigo da inda ya tafi.

Tun da kuwa mai neman shugabanci da tarihinsa ake auna shi, bari in karanta naka. Na sha zuwa tasha da sassafe in tarar da motarka a kan lodi, ɗan kamashonka yana daka murfinta yana kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya. In leƙa in ga mutum huɗu a zaune, in ce alhamdu lillahi yanzu za mu tashi, in biya, in shiga. Ina zama sai na kusa da ni ya ce bari ya yi fitsari, ya fita. Can na gaba ya ce bari ya sayo kati. Na ukun ya sauka ba ko sallama, sai ga shi a wata motar ya sake zama ya rungume wata tsohuwar jaka da babu komai a cikinta. Ashe duk yaranka ne, aikinsu ke nan, su ɗumama kujera su jawo irina. Rana ta take, mai kunu ta tashi, mai rake ya zo, har yanzu saura mutum ɗaya. In na ce a ba ni kuɗina in canza mota, sai ka ce an riga an yanki tikiti. Wannan mutum ɗayan da ake jira tun muna samari, ina roƙonka ka sa shi a cikin manufofinka, a nemo shi, a san ko yana raye.

Lodinka kuma na ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, ya isa a ɗauke shi hoto a rataya. Gaba mutum biyu ban da kai, na tsakiyar ya raba ƙafa giya tana tsakaninsu, duk lokacin da za ka canza sai ka ce masa Malam ɗaga gwiwa. Baya mutum huɗu, ɗaya ya matsa gaba ɗaya ya jingina, haka har ƙarshen kujera. But a buɗe, an ɗaure murfinsa da igiyar guga, buhunan wake a ƙasa, akuyoyi a sama sun leƙo da kai suna kallon motar baya, wani yaro a zaune a kan buhu ya riƙe ƙahon ɗaya. Bayan motar ya zauna har salansa tana jan ƙasa, gabanta ya ɗaga sama. Ƙofar dama ba ta buɗuwa sai ta waje, gilashin hagu kuma da sukundireba ake tokare shi. In wani ya yi ƙorafi sai ka ce masa tafiyar ai ba nisa, a yi haƙuri da juna, duniya ma zaman haƙuri ce. Wa'azinka ba ya tashi sai mota ta cika.

Zan yi maka adalci ko da ba ka saba yi mini ba. Na san ba mugunta kaɗai ke sa direba ya cusa mutum na bakwai ba. Mai ya cinye rabin kuɗin lodi, mai mota yana jiran balas ɗinsa da yamma ko an samu ko ba a samu ba, kayan gyara sun bi dala sun tashi, bakanike yana bin bashi, ga masu tsayawa a hanya da ba sa karɓar sannu da aiki a baki. In direba ya ɗauki mutum huɗu kacal a kuɗin da aka saba, da aljihunsa zai cika tanki. Fasinja ma da nasa laifin, domin in an ce masa ga mota mai ɗaukar uku a baya amma da ƙarin kuɗi, sau da yawa sai ya zaɓi matsi. To ai wannan lissafin shi ne dalilin da ya sa ake da yuniyan. Direba ɗaya ba zai iya rage lodi shi kaɗai ba, na bayansa zai kwashe fasinjan. Amma in tasha gaba ɗaya ta tsaya a kan magana ɗaya, aka ware layi biyu, mai araha da mai sarari, kowanne da kuɗinsa a rubuce a allo, fasinja ya zaɓa da idonsa, an rage rigima kuma an rage gawa. Wannan ba ya bukatar minista. Alli yake bukata da allo, da ciyaman da ba a saye shi da kuɗin shayi.

Ga kuma taya, wadda na san ba ka son a taɓo. Je ka duba gefen kowace taya, za ka ga wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko satin da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekarar. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta bai goge ba, robarta ta bushe, kuma kwaltar Kazaure a watan Afrilu ba ta san wasa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 Wole Soyinka yana shugabanta na farko, ta daɗe tana jan kunne a kan wannan. A watan Maris 2016 fashewar taya ce ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, a cikin motar da ta fi taka sau nawa. Na duba lambobin tayoyinka 'yan Kwatano rannan kana sallah. Ta bayan hagu ta girmi babbar 'yarka, ita kuwa har an fara kawo mata gaisuwa. Safayarka kuma faci ya fi roba yawa a jikinta. In ka ce komai ƙaddara ce, haka ne, amma malaman garin nan sun koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Saboda haka ga sharuɗɗana, tun da ni ne ubangidanka kuma ba za ka ci zaɓe ba sai da albarkata. A rubuta layi a allo kowace safiya inda kowane direba zai gani, wanda ya riga zuwa shi ke lodi, ko da abokin hamayyarka ne. A riƙa karanta kuɗin tikiti a taron wata, a ware kason marasa lafiya da marayu, a faɗi sunan wanda ya karɓa. A kori fasinjan ƙarya daga motoci, in yaran suna neman aiki a ba su tsintsiya da rijistar kaya. Kowace motar doguwar tafiya ta rubuta sunan fasinjanta da lambar wani nasa kafin ta fita, domin in abu ya faru kada a rasa wanda za a kira. Wani dattijon direba ya zagaya mota kafin lodi, ya duba taya da birki da fitila, in bai yarda ba ta koma gareji ko ta waye. A gyara makewayi, a sa randa, a yi wa mata rumfar da za su zauna da goyonsu ba a cikin rana ba. Sannan a ajiye mutum ɗaya da fasinja zai kai wa ƙara ba tare da an taru an yi masa ihu ba. Babu jirgi a cikin wannan jerin, babu dala, kuma duk ana iya gamawa kafin Sallar Gani.

Na san abin da 'yan kwamitin kamfen ɗinka za su ce in ka karanta musu. Za su ce fasinja ba ya zaɓe, a bar shi da surutunsa. Su waye ma kwamitin? Ɗan kamashon da ke bin ka bashin kuɗin lodi, mai facin da ke fata ka ci ka biya shi, da waɗannan yaran masu ɗumama kujera, waɗanda yanzu aka ƙara musu girma suka koma masu ɗumama benci a taronka. Kullum da safe ka zaunar da su wurin mai shayi, kauri da ƙwai biyu, suna kiranka ranka ya daɗe, da la'asar kuma na gan su a rumfar abokin takararka suna cin tsire suna kiransa da sunan. Ka bar ƙirga masu tafi. Ka ƙirga direbobin da ka taɓa tsayawa ka ja motarsu da ta mutu a daji tsakanin Mashi da Daura, da waɗanda ka ara wa safaya, da wanda ka kai matarsa asibiti cikin dare ba ka karɓi ko kwabo ba. Ina sane da waɗannan, Gwaggo ta faɗa mini, ko da yake ba zan maimaita a gaban mutane ba don kada kanka ya kumbura ya ƙi shiga hula. Su ne ƙuri'unka na gaske, kuma abin da suke so a wurinka bai wuce layi na gaskiya da asusun da ba ya yoyo ba.

Fasinja kuma, ko da ba shi da kati, yana da ƙafa. Ranar da ya gaji da saura mutum ɗaya zai fita bakin titi ya tare motar da ba ta shiga tasha, ko ya shiga bas ɗin gwamnati, gobe kuma ya hau jirgin da kake tallatawa. In ya tafi, ba tikiti, ba kamasho, ba kujerar da za a yi faɗa a kanta. Ciyaman da ya gane haka tun yanzu shi ne zai bar wa na bayansa tasha mai rai.

In ka faɗi, kada ka damu, gonar Baba ta hanyar Zango tana bukatar mai noma, kuma bawa ba ya rasa aiki a gidan ubangijinsa. In kuwa ka ci, ka sani ba za ka tsira daga hannuna ba. Watan cika-ciki yana tafe, kuma rigimar kuɗin shara da muke yi kowace shekara, kai ka ce ni zan bayar ni in ce kai ne, bana ta ƙare, domin ciyaman ba ya karɓa a hannun talaka. Za ka biya na bana da na shekarun da ka gudu. Sannan duk ranar da zan je Kano, kujerar gaba tawa ce ni kaɗai, ba mai raba ƙafa a kan giya, ba akuya a bayana, kuma kai da kanka za ka buɗe mini ƙofar, tun da ta ciki ba ta buɗuwa.

Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ta yi haƙuri, haihuwa ce ba zaɓe ba.

Naka, ubangidanka, ɗan Kawunka.